Gwaggo Hansai Ba Ta Juyawa

A Chagoua, unguwarmu a N'Djamena, babu ɗan klandon da bai san dokar Gwaggo Hansai ba. In ta hau babur ɗinka, to gaba kawai za ka yi. Ko ka wuce kwana bisa kuskure, ba ka isa ka juya kan babur ba. Sai dai ka bi ta bayan masallaci, ka ratsa layin maƙera, ka zagayo ka sake fitowa inda ka ɓata. Wanda ya yi gigin juyawa da ita, kafin ya gama karya kan babur ta diro, ta kama hanya da ƙafa, kwandon kifinta a ka, ko waiwaye babu. Samarin sun sa mata suna Sans Inik, wato irin titin nan da mota ke shiga ba ta komowa ta cikinsa. Ta san da sunan sarai, kuma ko a jikinta.

Ni 'yar ƙaninta ce. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, Ummukulthum, shi ya sa har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "Uwata". A ɗakinta na tashi, domin Allah bai bar mata nata 'ya'yan ba, mijinta kuma ya rasu tun ban yi wayo ba. Sana'arta banda ce. Ta sayi ɗanyen kifi a bakin kogin Chari da sassafe, ta fafe, ta kyafe shi a tanda biyu da ke bayan gida, ta kai kasuwa. Ƙaurin hayaƙin nan ya kama komai namu, har littattafan makarantata, kuma na sha tsokana a aji saboda shi. Da na yi mata ƙorafi sai ta ce in je in tambayi masu tsokanar da me uwayensu ke yin miya.

Zama da ita akwai wahala, ba zan ɓoye ba. In muka fita ta manta mabuɗi, ba ta komawa ciki. Ta tsaya a ƙofar gida tana kallon gaba, ta yi ta kwaɗa kira har wani ya miƙo mata. Hanyar da ta bi zuwa kasuwa daban, wadda za ta biyo zuwa gida daban, ko da ruwan sama ya cika ta da taɓo. Duk matan unguwarmu suna tsallaka gada su je Kousseri sayen sukari da atamfa, ita kuwa ba ta taɓa taka wancan ƙetaren ba. Yamma ne, in ji ta, kuma mu mutanen gabas ne. Gidan da aka haife ta a ciki ma ba ta ce masa gida, sai zango. Na taɓa dasa ɗan lemun tsami a tsakar gida, da na dawo makaranta na tarar ta tumɓuke shi. Ta ce matafiyi ba ya shuka abin da ba zai jira ba. Na yi kuka, na ce matafiyin da ya shekara saba'in a wuri ɗaya ai sai a ba shi kujera. Ta mare ni, marin da ba ta taɓa yi mini irinsa ba.

Sai da na girma na san inda abin ya samo asali. Kakanta ya taso daga ƙasar Katagum a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a nan, lokacin garin yana Fort-Lamy, wanda tsofaffinmu ke cewa Fallomi. Ya ce zai yi noman damina ɗaya ya sami guzuri. Daminar ba ta ƙare ba sai a maƙabarta. Ɗansa, Malam Abdulmutallib, mahaifin Gwaggo ke nan, ya ɗauki niyyar uban. Ya shiga babbar mota da matarsa da 'yarsa ƙarama, cikin ayarin maniyyata, suka nausa gabas har Adre, garin ƙarshe kafin a shiga Sudan. A nan ƙyanda ta kama yarinyar. Ayari ba ya jiran kowa. Uwar ta yi ta kuka, asibiti kuma yana baya, a Abeshe. Malam ya kalli gabas, ya kalli 'yarsa, ya saɓa ta a kafaɗa ya juya.

Yarinyar ta rayu. Guzuri ya ƙare a jinya, suka lallaɓo suka dawo Fallomi. Mutanen zango ba su ce masa komai a fuska ba, amma suka daina ba shi limanci, kuma a bayan ido suka koma ce masa Malam Juyau. A wurin mutanenmu na wancan zamani, maniyyaci ya mutu a hanya abin alfahari ne, amma ya dawo da ƙafarsa ba tare da ya ga Ka'aba ba, wannan abin a sunkuyar da kai ne. Bai daɗe ba bayan haihuwar babana ya rasu. Haramin da ya saya, farin yadi biyu, bai taɓa ɗaura shi ba. Gwaggo ta gaje shi, ta ajiye a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, duk shekara ta fitar ta shanya ta mayar.

Sau ɗaya tak na ji ta yi maganar da bakinta. Muna fafe kifi, ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, "Ni na juyo da shi, Uwata. Kuma babu abin da zai sake juyawa saboda ni." Na ɗauka irin zancen tsofaffi ne.

Shekarar da ta gabaci yaƙin Sudan, lokacin jirage suna ratsa sararin ƙasar kai tsaye, 'ya'yan dangi suka haɗu suka samar mata kujerar Umra, ni kuma mijina ya samar mini tawa don in kula da ita. Na zaci za ta yi guɗa. Ba ta yi ba. Ta zauna bakin gado, ta ce a kira mata Muntaka.

Muntaka maƙwabcinmu ne, magidanci mai furfura, aikinsa sharar cikin jirage a filin jirgin sama. Ya san inda ake ajiye komai a jirgi, ya san sunayen matuƙa, ya san wane jirgi ne ke da ƙarar tsiya, amma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba. Hakan bai hana shi ba da labarin sama kamar a can aka yanke masa cibiya ba. Ya zo bayan la'asar, na dafa shayi, suka zauna a inuwar katanga.

"Muntaka," in ji Gwaggo, "abiyon ɗin nan naku, yana juyawa?"

"Juyawa kamar yaya, Inna?"

"Ya kama hanya, ya fasa."

"Yana yi mana. In inji ya ba da matsala, ko wani fasinja ya kwanta rai a hannun Allah, sai pilot ya duba ayropor ɗin da ya fi kusa. In na baya ne ya fi kusa, baya zai koma."

"In mutumin ya cika fa?"

Muntaka ya kurɓi shayi. "To ai kalas, Inna, shi ke nan. Juyawar me kuma? A lulluɓe shi da bargo, a ɗaura masa bel ɗin kujera, a ci gaba da tafiya. Ni nan na sha naɗe irin bargon."

Na ce su bar wannan mugun zance, mutum yana shirin tafiya ana yi masa fatan tsiya. Muntaka ya yi dariya ya ba ni haƙuri. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta jinjina kai kamar wadda aka faɗa wa farashin kifi, ta kuma tambaye shi ko mutum yana iya sanin inda yake in yana sama.

Nan fa aka taɓo wa Muntaka inda yake masa ƙaiƙayi. Ya karɓi wayata, ya sauke mata taswira, ya ce wannan ba ruwanta da rezo, wato sabis ɗin waya, da taurarin ɗan'adam take magana. In an shiga jirgi in sa wayar a mod abiyon kamar yadda doka ta ce, in manna ta jikin gilashin taga, in yi haƙuri. 'Yar kibiya shuɗiya za ta fito ta nuna inda muke, kuma duk inda muka bi za ta bar zare a bayanta. Amma in na janye ta daga tagar, za ta makance ta tsaya cik. Wani injiniya ne ya koya masa, in ji shi, kuma shi bai taɓa gwadawa ba sai a kan klando.

Gwaggo ba ta karanta boko. Ta ce ya nuna mata Adre. Ya ja taswirar da yatsa, ya ja, ya ja, har ya kai bakin iyaka. Ta ce ya sa wa wurin alama. Ya dasa jan ɗigo. Ta daɗe tana kallon ɗigon nan, har shayinta ya huce.

A makonnin da suka biyo baya na ga wasu abubuwa, amma kowanne ta ba shi suna. Ta daina ɗaukar kwando a ka, ta ce 'yan klando ma su ci abinci. Ta fara tsayawa a mararraba tana dafa katanga, ta ce gaisawa take da mutane, alhali babu kowa a wurin. Hannunta na hagu da take yawan murzawa, sanyin kogi ne. Da muka je allurar rigakafin matafiya, ma'aikaciyar ta ce bari ta auna mata jini tun da ga ta ga abin awo, Gwaggo ta ja lafayarta ta ce allura ta zo yi, ba tonon asiri ba. Muka yi dariya har da ma'aikaciyar. Ta rarraba tandunanta da kwandunanta ga matan da suke sana'a tare, wai aro. Akwatin ƙarfen nan kuwa ta buɗe shi, ta ɗauki haramin mahaifinta, ta ƙulle a ɗankwali, ta ce wannan ba zai shiga cikin kaya ba, a cinyarta zai zauna.

Ranar tafiya da hantsi muka shiga jirgi. Muntaka yana bakin aiki, ya yi mana hanya aka ba mu kujerun taga a ɓangaren dama. Gwaggo ta zauna jikin tagar, ni a kusa da ita, sai wata 'yar kasuwa daga unguwar Farcha a bakin hanya. Mazan da yawa sun riga sun ɗaura harami tun daga gida. Da na waiwaya na ga layi-layin fararen yadi, kafaɗu a waje, kowa ya yi tsit. Na mayar da kaina kan waya.

Jirgi ya yi gudu ya ɗaga. Ni ina ta salati idona a rufe, sai na ji ta damƙi gwiwata. Na buɗe ido. Kogi ne a ƙarƙashinmu, kuma muna tsallaka shi. Ashe ta wajen yamma jirgin ya tashi. Ga rufin kwanon Kousseri nan suna walƙiya, garin da ta shekara saba'in tana ƙin takawa.

"Sun ƙetare da ni," ta ce.

"Kwana zai yi, Gwaggo. Haka suke tashi."

"Wa ya faɗa miki?"

Babu wanda ya faɗa mini. Na manna wayar jikin gilashi. Taswira ta fito, kibiya babu. Jirgin ya karkata, ya ci gaba da karkata, kogin ya sake bi ta ƙarƙashinmu, rana ta shigo ta tagarmu ta sauka a fuskar Gwaggo. Can sai ga kibiyar ta ɓullo, ƙarama, shuɗiya, bakinta yana kallon gabas, garinmu a bayanta. Na nuna mata. Ta saki gwiwata, amma wurin ya yi kwanaki yana yi mini ciwo.

Daga nan ba ta ƙara kallon ƙasa ta taga ba. Wayar take kallo. Ni ke riƙe, ni ke karanta mata sunayen garuruwa, ita kuma tana ba ni labarinsu, labarin da ban taɓa ji ba. Da na ce Ati, ta ce a nan motarsu ta lalace suka kwana a gindin ƙaya, Baba ya yi mata 'yar tsana da kara. Da na ce Um Hajar, ta ce a nan uwarta ta tona yashin busasshen kogi da ƙwarya har ruwa ya tsattsafo, ta yi musu wanki. Tafiyar da ta ci musu makonni, kibiyar nan tana lashe ta kamar wasa. Muryar Gwaggo tana raguwa, tana yanke magana a tsakiya ta ja numfashi. Na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi alhali sanyin jirgin har cikin ƙashi.

"Gwaggo, lafiya?"

"Afe, lafiya lau. Tsoron sama ne, Uwata. Ke dai riƙe abin nan da kyau."

Na yarda, domin ni ma tsoron nake ji. Matar Farcha ta miƙo mata alewa, ta karɓa ta riƙe a hannu ba ta sha ba.

Mun wuce Abeshe kaɗan aka turo keken abinci. Ma'aikaciyar jirgin ta miƙo tire, na sa hannu biyu na karɓa, wayar ta sauka a cinyata. Ko minti nawa ta yi a nan ban sani ba. Da na mayar da ita jikin gilashi, kibiyar ta dushe ta zama toka-toka, ta tsaya cik, saura ɗan taƙi tsakaninta da jan ɗigon.

"Me ya tsayar da mu?" in ji Gwaggo.

"Ba jirgin ba ne, telefon ɗin ne. Ya rasa taurarin."

"Ba ni."

Ta karɓe wayar ta danna ta jikin gilashi da tafin hannunta na dama, ta kafe ta da ido. Da yatsunta suka taɓa nawa na ji su kamar kifin da aka ciro daga ƙanƙara. Hannunta na hagu yana kan ƙullin haramin, ya dunƙule. Leɓɓanta sun canza launi. Na ce bari in kira ma'aikaciyar ta kawo ruwan zafi, ta ce in na ɗaga hannu ba ita ba ni har abada. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ko kallona ba ta yi ba.

Jirgi yana ta gurnani, mutane suna ta cin abinci, wani dattijo a bayanmu yana gardama da maƙwabcinsa a kan inda ake ɗaukar niyya. Kibiya ba ta motsa ba. Ina jin numfashin Gwaggo, gajere-gajere, kamar mai hawan tudu da kaya. Hannun da ke riƙe da wayar yana karkarwa har tana ƙwanƙwasa gilashin, amma ba ta sauke ba. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani 'yar kibiyar nan a lokacin ba.

Sai ta yi shuɗi. Ta yi tsalle guda, ta dira can gaba, zaren ya miƙe ya bi ta. Jan ɗigon yana bayanmu.

"Karanta mini," ta ce.

"Mun wuce, Gwaggo. Adre tana baya. Muna cikin Sudan."

Ta lumshe ido. Ta shafa ƙullin da ke cinyarta kamar mai lallashin jariri. "To, Baba," ta ce, "ga gaba nan." Wayar ta zame daga hannunta, kanta ya faɗo kafaɗata.

Na ƙwalla ihu. Matar Farcha ta miƙe tana kiran ma'aikata da Larabci da Faransanci a haɗe. Aka yi cigiyar likita ta lasifika, wani mutum mai harami ya taso daga gaba yana riƙe da yadinsa kada ya zame. Matar Farcha ta ba da kujerarta, aka kwantar da Gwaggo a kan kujerun uku, kanta a cinyata wajen taga, aka sa mata abin shaƙar iska a hanci. Likitan ya taɓa wuyanta, ya saurari ƙirjinta, ya tambaye ni tun yaushe take da ciwon zuciya. Na ce ba ta da shi. Ya dube ni, ya ce ta daɗe da shi. Ya yi magana da babbar ma'aikaciyar a hankali, ita kuma ta nufi wajen matuƙa da sauri.

Gwaggo ta farfaɗo. Idonta a buɗe, rana tana kan fuskarta, har na sa tafin hannu ina kare mata. Ina ce mata sannu, ina ce mata likita ya zo, komai zai yi daidai. Sai na ji kujerar ta ɗan karkata a ƙarƙashina. Kofin shayin wani ya gangara. Hasken da ke fuskarta ya fara zamewa, ya bar goshinta, ya bar kuncinta, ya hau bayan kujera, ya tsallaka hanya, ya koma tagogin wancan ɓangaren.

Wadda ta yi shekara saba'in tana sanin alƙibla da inuwar katanga, ba sai an yi mata sanarwa ba. Ta sa hannu ta janye abin shaƙar.

"Rana ta bar ni," ta ce. "Nuna mini."

"Gwaggo, ki bari a..."

"Uwata. Nuna mini."

Wayar tana maƙale tsakanin kujera da bango, jikin taga. Na ɗauko. Kibiyar tana nan shuɗiya, lafiyarta lau. Zaren ya lanƙwasa kamar ƙugiya, bakin kibiyar yana kallon yamma, jan ɗigon da muka bari a baya yanzu yana gabanmu, muna matsowa gare shi. Daidai nan muryar matuƙin ta fito, ya ce saboda rashin lafiyar wata fasinja za mu koma N'Djamena, domin ita ce mafi kusa da za ta iya karɓar irin jirginmu. Jirgin ya ɗauki salati da guna-guni. Wani daga baya ya ce, da Hausa, da ƙarfi, "Wace ce ta juyo da mu?"

Ta ji shi. Na ga ta ji shi.

Ta kalli wayar, ta kalle ni. Babu tsoro a idonta, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Irin kallon da take yi wa ɗan klando ne in ya fara karya kan babur. Ta jawo ƙullin haramin ta ɗora a ƙirjinta, leɓɓanta suka motsa da kalmar shahada, na ji ta sarai har ƙarshe. Likitan ya mayar mata da abin shaƙar, ta kawar da kai. Ya sake mayarwa, ba ta kawar ba, domin ba ta nan.

Suka sauke ta a hanyar tsakiya, likitan ya yi ta danna ƙirjinta, haraminsa ya jiƙe da gumi, aka kawo wata na'ura aka manna mata. Sun yi iya yinsu, wannan na shaida. Ni ina tsaye matar Farcha ta riƙe ni. Can likitan ya ɗago, ya zauna a kan dugadugansa, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka mayar da ita kujerar taga. Ma'aikaciyar ta kawo bargo, irin wanda Muntaka ya ce yana naɗewa. Na ce a'a. Na kwance ɗankwalin, na warware haramin Malam Abdulmutallib, wanda tsufa ya sa ya yi ruwan ƙasa a wuraren ninki, na lulluɓe ta da shi tun daga kai har ƙafa. Aka ɗaura mata bel a kai.

Na ga shugaban ayarinmu da likitan da babbar ma'aikaciyar sun tsaya can gaba suna magana, an daɗe. Ban ji abin da suka ce ba, ban kuma damu in ji ba. Na zauna kusa da ita. Hannuna ne kawai ya ɗauki wayar ya manna jikin gilashi, ta saman kafaɗarta, don ban san abin da zan yi da shi ba. Kibiya ta yi toka-toka, ta yi shuɗi. Saura ƙiris mu koma kan jan ɗigon.

Sai kujerar ta sake karkata. Ina kallo bakin kibiyar ya fara juyawa a hankali, ya bar yamma, ya kalli arewa, ya ci gaba. Hasken rana ya baro tagogin wancan ɓangaren, ya tsallako hanya, ya hau kujerarmu, ya sauka a kan farin yadin. Matuƙin ya yi ta'aziyya ta lasifika, ya ce za mu ci gaba zuwa Jidda. Jirgin ya kaure da kabbara. Ni kuwa sai na tuna shayin da ya huce a inuwar katanga, da yadda ta jinjina kai.

A can aka yi mata sutura, a can aka binne ta. Na yi Umrata ban san yadda na yi ta ba. Da na dawo, gidan ya cika da masu gaisuwa, kowa bakinsa ɗaya: ta dace, ta yi kyakkyawan ƙarshe, ina ma su ne. Har jikokin waɗanda suka sa wa ubanta Malam Juyau sun zo, suna cewa gidan Malam Abdulmutallib gidan albarka ne. Na ba su shayi, na amsa da amin, amma raina yana tafasa. Yarinya ce ta yi ƙyanda, uba ya kai ta asibiti. Abin da ya faru ke nan, ba wani abu ba. A kan wannan aka bar ta ta yi shekara saba'in tana zagaye unguwa, ta ɓoye ciwo kamar kayan sata, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata ubanta daidai ya yi. Malamai sun ce mini ajali ne, ba mai jawo shi ba mai tura shi, kuma na yarda. Amma ni ce na ga idonta.

Muntaka bai shigo cikin taron ba sai da aka watse. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce tun da labari ya iso filin jirgi yake tuna tambayar da ta yi masa. Na ce ya bar zancen, ba shi ya sa mata ciwo ba. Can ya tambaya ko abin ya yi aiki a sama. Na buɗe wayar na miƙa masa, domin zaren tafiyar yana nan ban goge ba.

Ya bi shi da yatsa tun daga kogi, ta Ati, ta Abeshe, ya wuce jan ɗigon. A nan zaren ya lanƙwasa ta kudu ya nufo baya, ya zo dab da ɗigon bai taɓa shi ba, ya sake lanƙwasawa ta arewa, ya haɗe da kansa ya miƙe gabas. Ko sau ɗaya bai koma ta kan sawunsa ba. Muntaka ya daɗe yana kallo.

"Ba ta juya ba," ya ce. "Zagayowa ta yi."

Na karɓi wayata. Washegari da safe zan je kasuwa na manta mabuɗi a ɗaki, na tsinci kaina tsaye a ƙofar gida ina kallon gaba, ina kiran wani ya miƙo mini.